Zomo da Bushiya Sun Shigo Sabo



Da yawa daga cikinku kun riga kun ga kayanmu a Sallar da ta wuce. Akwai katin gaisuwa da aka yanka aka liƙa da hannu, mai ɗauke da zomo ko kurege ko bushiya. Akwai kuma sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na duwatsun ado. Wasu sun saya, Allah ya saka da alheri. Wasu sun juya kati gaba da baya sun ce, "Yanzu fisabilillahi a tsakiyar Ibadan me ya haɗa mu da bushiya?" Wasu kuma sun tare mu da tambayar da ta fi wannan nauyi, wato hukuncin zana abu mai rai. Duk tambayoyin nan suna kan hanya, shi ya sa muka roƙi fili a wannan mujalla tamu don mu yi bayani.

Mu dai 'yan unguwa ne: matan aure, da 'yan mata, da wasu samari masu hannun zane. Yawancinmu a nan aka yanke mana cibiya. An kafa Sabo a shekarar 1916, kuma kakanninmu cinikin goro da shanu ne ya zaunar da su. Yau shekara ɗari da ɗoriya ke nan. Akwai gidajen da jikan jika ne yake riƙe da su. Alhamdu lillahi harshenmu bai ɓace ba, addininmu bai ɓace ba, tuwo da miyar kuka ma suna nan daram. Amma akwai abin da yake sulalewa a hankali, ba tare da an lura ba.

Ku saurari maganarmu ta yau da kullum, za ku ji bakinmu cike yake da namun daji. Uwa ta ce wa ɗanta, "Kai dai damo ne, sarkin haƙuri." A kasuwa a ce wane dila ne, a yi hankali da shi. In yaro ya gaji halin ubansa a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In aka ci guminka a ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To ka kira yaron Sabo ɗan shekara goma ka ce ya kwatanta maka damo. Wallahi sai ya tsaya yana kallonka. Ya san kalmar, yana ma faɗinta, amma babu komai a bayanta. Kurege a wurinsa ɓera ne mai gashi. Bushiya da beguwa duk abu ɗaya ne. Yanyawa kuwa bai taɓa jin sunanta ba. Dabbobin da ya sani su ne na katun a talabijin, da sunayensu na Turanci, sai ragon layya da kyanwar gida da ƙadangaren katanga. Ba laifinsa ba ne. Yaron da ya tashi tsakanin Mokola da Adamasingba, ina zai ga zomo ya tsallaka hanya?

Karin magana idan ta rasa dabbar da ke cikinta, ta zama fanko. Za a ci gaba da faɗinta na wani lokaci, sannan a daina. Wannan shi ne abin da ya dame mu, kuma shi ne asalin wannan 'yar sana'a.

Dalilin da ya sa muka zaɓi kati, waɗanda suka manyanta za su gane. A da, in Sallah ta ƙarato, katin barka da Sallah ake saya, mai hoton masallaci ko fure, samari kuma su nemi mai hoton 'yan fim ɗin Indiya. A rubuta gaisuwa a ciki, a sa a ambulan, a manna kan sarki a kai babban gidan waya na Dugbe. Wanda bai yarda da gidan waya ba ya ba direban motar goro, ko wani mai tafiya Kano a jirgin ƙasa. Kati yakan yi mako biyu a hanya, wani ma sai bayan Sallah yake isa, amma in ya isa ana ajiye shi. Har yau akwai iyayenmu mata da za su buɗe adaka su nuna maka katin da aka aiko musu shekara talatin da suka wuce. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai aka koma saƙon tes, daga baya aka koma WhatsApp. Yanzu hoto ɗaya ne mutum zai tura wa mutum ɗari biyu, su ma su tura wa wasu. Kafin la'asar an share. Ba mu ce hakan ba shi da amfani ba, mu ma muna yi. Amma gaisuwar da za ka riƙe a hannunka daban take.

Ga yadda muke yin katin, don duk mai sha'awa ya gwada a gida. Allah ya haɗa mu maƙwabtaka da Mokola, inda masu injin buga takardu suke birjik. Duk lokacin da suka yanka katin biki ko kalanda, guntayen kwali masu kyau suna raguwa. Waɗannan muke sayowa da araha, wani lokaci ma kyauta ake ba mu. A zaɓi mai kauri, a auna da rula, a ja layi da bayan almakashi kafin a naɗe, don kada kwalin ya tsage a wurin naɗin. Sai a zana dabbar a wata takarda daban, a yanke ta ta zama ma'auni. Da wannan ma'aunin ake yanka ƙyalle.

Ƙyallen kuwa daga shagunan telolinmu yake fitowa, abin da a da ake sharewa a zubar. Kowace dabba da irin ƙyallen da ya dace da ita. Zabuwa tana son baƙin yadi mai ɗigo-ɗigon fari. Kunkuru babu abin da ya kai adire yi masa kyau, domin zanen adire kamar don bayansa aka yi shi. Barewa da guntun fata muke yin ta, irin wadda dukawa suke ragewa. Kurege ana warware bakin shadda har zare ya yi buzu-buzu, shi ne wutsiyarsa. Bushiya ita ce mai cin lokaci: tsinken tsintsiya ake yankawa ƙanana ƙanana, a liƙa ɗaya bayan ɗaya da gam, duk su fuskanci baya. In an gama sai a ɗora wani abu mai nauyi a kai ya kwana. Rubutun ciki da tawadar allo muke yi, ta gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. A sama gaisuwa da boko da ajami, a ƙasa sunan dabbar da karin maganarta.

Da tafiya ta yi tafiya sai muka ga masu saye da kansu sun raba wa dabbobin aiki. Katin barewa na suna ne, ana ba mai jego. Katin damo ana kai wa marar lafiya ko wanda ya daɗe yana jiran wani abu daga Allah. Kunkuru, wanda ya so dambe ba shi da yatsa, samari suna tsokanar juna da shi. Kura kuwa taubasai sun riƙe ta, ɗan mace ya aika wa ɗan namiji, a yi ta dariya. Wadda ta ƙi ciniki ita ce mujiya. Mun yi ta da kyau iya kyau, da manyan idanu na maɓalli, amma ba mai taɓawa. Camfi ya yi mata katutu, alhali baiwar Allah ɓeraye take cinye mana da dare. Muna nan muna ajiye da ita, wata rana za ta sami mai so.

Tun da yawancinmu ba mu tashi a karkara ba, dole muka nemi malamai. Mun kai yara gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, sun ga wasu dabbobin ido da ido. Amma manyan malamanmu tsofaffin unguwa ne, waɗanda suka yi noma da kiwo da farauta a gida kafin su zo Kurmi. Akwai wata kakarmu, idonta ya fara rauni amma bakinta garau. Jikarta ta kai mata katin zomo tana taƙama. Ta kai shi kusa da ido ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai na keji ne. Na daji kunnensa ya fi haka tsawo, ƙafafunsa na baya dogaye, jikinsa kalar ƙasa. Kuma shi ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake lafewa." Yarinya ta ce, "Kai Kaka, kishiya dai ba ta yabo." Tsohuwa ta ce, "In yaba miki ki je ki sayar wa mutane ƙarya? Koma ki sake."

Daga bakin irinsu muka ji cewa kurege a rami yake kwana, kuma shi ne ɓarawon gyaɗa, ba kamar na nan kudu ba da yake yini a kan bishiyar kwakwa. Bushiya 'yar ƙarama ce, da dare take fita cin ƙwari, in ta tsorata ta dunƙule kamar ƙwallo. Beguwa ta ninka ta girma sau da yawa, ƙayoyinta dogaye masu baƙi da fari. Gada gajera ce mai zama a duhuwa, barewa doguwa ce mai son fili. Yanzu idan ana aikin kati, yara suna zaune suna yanka, tsohuwa tana gefe tana ba da labari. Sau da yawa aiki yakan tsaya a koma tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi su shigo. Ba ma hanawa, domin dama abin da ake nema ke nan.

Sai maganar hukunci, wadda ba mu ɗauke ta da wasa ba. Kafin mu fitar da kati ko ɗaya kasuwa, mun tura aka tambayi malamai a unguwa. Mai tambayar ya ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da matan gida suke son yi, ina matsayinsa?" Bayanin da aka yi mana shi ne, a mazhabar Malikiyya wadda yawancinmu muke bi, abin da aka haramta kai tsaye shi ne siffar abu mai rai wadda take da jiki da inuwa, kamar gunki, kuma gaɓoɓinta sun cika. Zanen da yake shafe a kan takarda ko ƙyalle bai kai wannan matsayi ba, ko da yake barinsa ya fi a wurin da yawa daga malaman. An kuma yi sauƙi a kan 'yar tsanar da yara mata suke wasa da ita. Akwai malaman da suka tsananta suka hana zanen mai rai kowane iri, kuma akwai masu bin wannan fahimta a cikinmu. Muna girmama su.

Abin da muka tsayar shi ne: kati ya zama shafaffe, ba ma sassaƙa dabba, ba ma ƙera ta da jiki. Ba ma haɗa aya ko sunan Allah da hoton dabba a kati ɗaya. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da hoton ba, muna da nasa: sawun dabbar kawai a kan rairayi, ko bishiyar da take zama, da sunanta da karin maganarta. Abin mamaki, wannan ya zama wasa a wurin yara. A nuna musu sawu a ce na wane ne, su yi ta gardama.

Wannan shawara ita ce ta buɗe mana hanya a wajen kayan ado. Tun da abin wuya da ɗan kunne a jiki suke zama, har a yi salla da su, sai muka ce ba za mu rataya wa kowa siffar dabba ba. Alamarta muke ɗauka. Sarƙar zabuwa baƙaƙen duwatsu ne, bayan kowane huɗu a sa fari ɗaya. Awarwaron kunkuru ana saƙa shi gida-gida masu kusurwa shida, ruwan ƙasa da ruwan zuma. 'Yan kunnen kurege tuntu ne na zare mai laushi. Na bushiya dogayen duwatsu ne sirara da ake jerawa su yi tsaye. Sawun barewa duwatsu biyu ne masu tsini, a jere kamar kofato, a tsakiyar sarƙa. Mace za ta sa abinta, ba wanda zai ga dabba, amma in aka tambaye ta sai ta ce, "Wannan zabuwa ce." Daga nan hira ta tashi.

Aikin duwatsu yana son ido da lissafi. Ana amfani da zaren roba mai ƙarfi irin na fatsa, da siririyar allura, da 'yar filaya ta lanƙwasa waya. A zuba duwatsu a faranti a kan tawul don kada su gangara. In ka kuskure ƙirga ɗaya a tsakiya, sai an warware an sake. Ƙulli na ƙarshe a yi shi sau uku a ɗiga masa gam. Abu ɗaya da muke jan hankalin duk mai son shiga sana'ar: ƙarfen ɗan kunne mai arha yana sa wa wasu mata ƙaiƙayi har kunne ya yi ruwa. A nemi mai kyau ko da ya fi tsada. Kuma a gaya wa mai saye gaskiya, wannan ba zinariya ba ce, ba azurfa ba ce, kada a shiga wanka da shi.

Akwai waɗanda suka ba mu shawara mu riƙa sa ƙayar beguwa ta gaske, ko haƙori, ko farce, wai zai fi tsada. Mun ƙi. Tsofaffin da suke zuwa ganin gida suna dawowa da labari ɗaya: dajin da suka sani ya zama gona, barewar da suke gani garke-garke yanzu sai a shekara ba a ga ɗaya ba. Ba zai yiwu muna koya wa yara sunan dabba da hannun dama, muna sa a kashe ta da hannun hagu ba.

Kada wani ya ɗauka kuɗi muke kwasa. Sana'ar tana da wahalarta. Damina a Ibadan doguwa ce, danshi yana lanƙwasa kwali, gam ya ƙi bushewa, sai an adana kaya a leda an ɗaure. Katin bushiya ɗaya yakan ci rabin yini, amma mai saye zai ce, "Haba Hajiya, takarda ce fa." Duwatsu kullum ƙara tsada suke yi. Ciniki kuma na lokaci ne: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Mauludi, sai biki da suna da saukar karatu. Abin da ya fi tafiya kullum shi ne kayan ado, su suke riƙe da katin. Duk da haka, abin da ake samu ya isa a zuba adashi, a biya kuɗin Islamiyya, a sayi sabulu ba a jira maigida ba. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne 'yan matan da a da suke yini a titi da farantin talla a ka, tsakanin motoci da 'yan acaɓa da maganganun banza. Yanzu wasunsu suna zaune a tsakar gida bayan makaranta, suna samun abin da ya kai na tallan, iyayensu suna ganinsu.

Wani abin da ba mu zata ba shi ne maƙwabtanmu Yarabawa. Katin kunkuru su suka fi saye. Ashe abin da Gizo yake a wurinmu, shi ne kunkuru a wurinsu, Ijapa suke ce masa, sarkin wayo da haɗama a tatsuniyarsu. Wata Iya mai sayar da atamfa ta ɗauki kati ta yi ta dariya, ta ce a rubuta mata gaisuwar Ileya da Yarabanci a ciki. Muka rubuta. Ta zauna ta ba yaranmu labarin yadda bayansa ya farfashe, su kuma suka ba ta na Gizo. Duk wanda yake garin nan a watan Fabrairun 2021 ya san abin da ya faru a kasuwar Shasha, ya san yadda zaman shekaru yake iya lalacewa a kwana biyu. Kati ba zai hana fitina ba. Amma gidan da kuka saba aika wa gaisuwa, kuka san sunayen 'ya'yan juna, ba a saurin ɗaga masa hannu. Hausawa suna cewa zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara. Mu ma gari muka tara da mutanen nan, kuma zaman tare yana son a riƙa yi masa hidima.

Muna da roƙo ga jama'a. Iyayenmu tsofaffi, duk wanda ya san sunan wata dabba ko tsuntsu, ko kirarinta, ko tatsuniyarta, don Allah ya kira jikokinsa ya faɗa musu, su kuma su kawo mana mu rubuta. Muna neman wanda zai kwatanta mana tunku da yanyawa da makwarwa sosai, domin har yanzu ba mu yi katinsu ba. Telolinmu da dukawa, kada ku zubar da guntaye, ku tara a buhu za a zo a ɗauka. Iyaye, in yarinya ko yaro ya nuna sha'awa, ku bar shi ya zo ya koya, ba ma karɓar ko kwabo, almakashi kawai zai riƙo. Samari masu zayyanar allo, hannunku muke nema a wajen rubutu.

Wanda kuma ya sayi kati, kada ya ba yaro ya kai. Ya saka takalminsa ya je da kansa, ya yi sallama, ya zauna, ya miƙa hannu da hannu. Zumunci a ƙafa yake. In akwai yara a gidan, ya nuna musu dabbar ya tambaye su sunanta. In ba su sani ba, ya faɗa musu.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya raya mana zuriya, ya zaunar da Sabo da Ibadan da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.